ILIMI GISHIRIN ZAMAN DUNIYA: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A wannan makon filin nan ya leƙa garin Assakio, wanda ke gabas da Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, a kan hanyar motar da ta nufi Shendam ta Jihar Filato. Assakio gari ne na Alago, mutanensa kuwa galibi manoma ne na doya da shinkafa da riɗi da rogo. Amma duk wanda ya shiga kasuwar garin ya kasa kunne zai ji harsuna iri iri suna tashi a lokaci guda. Ga Alago, ga Eggon, ga Tibi, ga Fulatanci daga bakin masu tallar nono, sa'an nan ga Hausa wadda ita ce ke haɗa mai saye da mai sayarwa idan harsunansu na gida sun saɓa.

A irin wannan gari ba abin mamaki ba ne a sami yaro ɗan shekara goma yana magana da harsuna uku. Yana jin na iyayensa, yana jin Hausa, ya kuma tsinci na maƙwabta a wajen wasa da kiwo da zuwa rafi. Ba wanda ya taɓa saya masa ƙamus, ba wanda ya ɗaga masa bulala a kan haka. Amma wannan yaron ne zai shekara goma sha biyu yana zuwa makaranta, shida a firamare shida a sakandare, ana koya masa Turanci kusan kowace rana, ya fito bai iya rubuta wasiƙar neman aiki mai shafi guda ba. Daga nan sai a ji ana cewa ai yaran ƙauye ba su da kai. To, kan da ya ɗauki harsuna uku ba tare da malami ba, ƙaƙa za a ce rashin basira ya hana shi ɗaukar na huɗu? Inda gizo ke saƙar shi ne hanyar da ake bi wajen tara kalmomin Turancin.

Maganar kuwa ba ta wasa ba ce. Ɗalibin da ke son shiga jami'a, ko ta Tarayya da ke Lafiya wadda aka kafa a 2011, ko ta Jiha da ke Keffi, ko wata dabam, tilas ne ya sami kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma tilas Turanci ya kasance cikinsu. Idan ya tsallake wannan, ga jarrabawar JAMB tana jiransa, inda kowa ke ɗaukar darussa uku gwargwadon abin da yake son karantawa, amma na huɗun, watau Turanci, wajibi ne a kan kowa. Bugu da ƙari, sauran darussan ma, in ban da na harsuna, da Turanci ake tambayarsu, da shi kuma ake amsawa.

A ɗauki misalin yarinyar da ta tashi a gidan manoman doya. Tun tana ƙarama ta san lokacin da ake yin kunya, ta san ana rufe kan kunyar da busasshiyar ciyawa domin kada zafin rana ya dafa irin, ta san ana kafa sanda don doya ta sami abin hawa. Ranar jarrabawar aikin gona sai ta tarar da kalmomin "mulching" da "staking" da "weeding" a takarda, ta yi ta kallonsu kamar baƙin da ba ta taɓa gani ba, alhali kuwa ayyuka ne da take yi da hannunta kowace shekara. Ɗan birni wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, amma ya san kalmomin, shi zai kwashe makin. Wani lokaci ma kalma ɗaya tak ce ke kayar da ɗalibi, kamar "except" wadda ke juya tambaya baki ɗaya, ta sa amsar da ake nema ta zama wadda ta fita daban da sauran. Haka nan wanda bai san bambancin "list" da "explain" da "compare" ba, yana iya cika shafi biyu da rubutu ya tashi a tutar babu, domin ya amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Hukumomi sun daɗe suna kai da kawo a kan harshen da ya kamata a koyar da yara da shi. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a yi amfani da harshen uwa, ko harshen da jama'ar wurin ke ji, a shekarun farko na firamare. A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kai abin har shekara shida, sa'an nan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar janye wannan tsari da komawa ga Turanci. Masana suna ta muhawara a kan wanda ya fi dacewa, kuma muhawara ce mai amfani. Sai dai ko ta wane gefe ta faɗi, ɗan Assakio da Turanci zai zauna jarrabawarsa, saboda haka ba shi da lokacin jiran a gama gardama.

Abin da aka saba gani a makarantu da yawa shi ne malami ya rubuta kalmomi ashirin a allo tare da ma'anoninsu, yara su kwafa, su rera su da ƙarfi, ranar Juma'a a yi gwaji, daga nan ba su ba sake haɗuwa da kalmomin. Waɗansu ɗalibai masu himma kuma sai su ɗauki ƙamus su fara hadda daga harafin farko, su gaji tun ba su kai na biyu ba. Akwai kuma masu farautar manyan kalmomi masu cika baki domin a ce sun iya dogon Turanci, alhali ƙananan da ake aiki da su kullum suna kuɓuce musu. Duk wannan karatun aku ne, wahalarsa ta fi ribarsa.

WAƊANNE KALMOMI ZA A FARA DA SU?

Kalmomin Turanci dubbai ne bisa dubbai, amma ba duka ne ke da yawan aiki ɗaya ba. Kamar kayan kasuwa suke: akwai gishiri da manja waɗanda kowane gida ke nema kullum, akwai kuma abin da sai shekara shekara ake tambayarsa. Wani malami Bature mai suna Michael West, wanda ya daɗe yana horar da malamai a birnin Dhaka, babban birnin ƙasar Bangaladash ta yanzu, ya lura cewa littattafan da ake ba yaran can cike suke da kalmomin da ko Turawan ba su cika amfani da su ba. Sai ya shiga sake tsara littattafan karatu da kalmomi masu sauƙi, yana shigo da sababbi kaɗan kaɗan, yana maimaita kowace sau da yawa. A 1953 ya fitar da jerin kalmomi wajen 2,000 waɗanda suka fi sauran yawan aiki.

Ƙididdigar masana ta nuna cewa kalmomi kamar 100 kacal, irin su "the" da "of" da "and" da "is", su ne kusan rabin abin da ke kowane shafi na Turanci, kalmomi 2,000 na farko kuwa suna ɗauke da wajen kashi 80 cikin 100 na rubutu na yau da kullum. Shi ya sa da kamfanin Longman ya fitar da ƙamusunsa na masu koyo a 1978, da kalmomi wajen 2,000 kawai ya yi bayanin dukan sauran kalmomin da ke ciki. Wanda ya riƙe waɗannan sosai ya kafa harsashi.

Amma harsashi ba gida ba ne. Wanda ya san kashi 80 cikin 100, a kowace kalma biyar akwai ɗaya da ta shige masa duhu, karatu kuwa ba ya yin daɗi a haka. Farfesa Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a ƙasar Niyu Zilan ya bayyana a 2006 cewa kafin mutum ya karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba, sai ya san wajen kashi 98 cikin 100 na abin da ke shafin, wannan kuwa yana bukatar kalmomi 8,000 zuwa 9,000 tare da rassansu. Wata malama a wannan jami'ar, Averil Coxhead, ta fitar da jerin kalmomi 570 a shekarar 2000 waɗanda ke yawan fitowa a littattafan makaranta ko da wane fanni ne, irin su "method" da "factor" da "process" da "require". Ɗan babbar sakandare da ya gama da 2,000 na farko, waɗannan ne ya kamata ya fuskanta kafin komai.

Kada adadin ya tsorata kowa. Kalma biyar a rana, cikin kwana 300 na shekara, ta zama 1,500. A shekara shida na sakandare ta zama 9,000. Ko da sulusi ya zube a hanya, abin da ya rage ya wuce abin da ɗalibai da yawa ke shiga ɗakin jarrabawa da shi. Da yayyafi kogi kan cika.

MAGANIN MANTUWA

Tara kalma abu ne mai sauƙi, riƙe ta shi ne aiki. A 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage a kansa bayan lokaci. Ya tarar cewa cikin sa'a guda fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kuwa wajen kashi biyu cikin uku. Amma ya kuma gano cewa duk sa'ad da aka koma aka yi bita, mantuwar takan rage sauri, kuma bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka tara a zama ɗaya amfani nesa ba kusa ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Malaman tsangaya sun san shi tun kafin a haifi kakan Ebbinghaus. Almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya karatun da ka a gaban malam, kuma bayan ya wanke ba a barinsa ya yi sallama da abin da ya wuce, sai ya riƙa tilawar baya safe da dare. Gardin da ya daina tilawa ya san haddarsa za ta zube ko da ta kai izu sittin. Haka nan yaran da ke zuwa majami'a suke riƙe ayoyi da waƙoƙi masu yawa, saboda suna komawa kansu mako bayan mako. Abin mamaki shi ne yaron da ya san wannan hanya da asuba, in ya sa rigar makaranta da hantsi sai ya ajiye ta a ƙofar aji.

Akwai dabara mai sauƙi ta shigo da tilawa cikin koyon Turanci, wadda wani ɗan jarida mai suna Sebastian Leitner ya bayyana a ƙasar Jamus a 1972. Ga yadda ɗan Assakio zai yi ta ba tare da kashe ko kwabo ba. Ya nemi kwalin sukari ko na sabulu ya yayyanka ƙanana. A fuska ɗaya ya rubuta kalmar Turanci tare da gajeriyar jimla da aka yi amfani da ita, a bayan kuma ya rubuta ma'anarta da Hausa ko Alago ko duk harshen da ya fi ji. Sa'an nan ya sami gwangwani uku. Na farko ana duba shi kullum, na biyu bayan kwana uku uku, na uku ranar Asabar kawai. Kowace sabuwar kalma a gwangwanin farko take sauka. In ya ɗauko ta ya tuna ma'anarta kafin ya juya takardar, sai ta ƙaura zuwa na biyu, daga can zuwa na uku. Wadda ta kuɓuce masa kuwa, ko daga ina take, ta koma na farko. Ta haka lokacinsa zai tafi a kan kalmomin da ke ba shi wuya, waɗanda suka zauna kuma ba za su sami damar sulalewa ba.

Sharaɗi guda ne tilas a kiyaye, watau ya yi ƙoƙarin tunowa da kansa kafin ya leƙa amsar. Malamin allo ba ya karɓar hadda ana kallon allo, kuma yana da hujja. Wannan ɗan yunƙurin da ƙwaƙwalwa ke yi na lalubo kalma shi ne ke kafa ta. Minti goma sha biyar kullum bayan magariba sun isa. Masu wayar hannu za su iya samun manhajoji irin su Anki waɗanda ke yin wannan aiki na gwangwanaye, amma marar waya bai yi hasarar komai ba.

KALMA BA TA TAFIYA ITA KAƊAI

An ce a rubuta kalma tare da jimla, ga dalili. A duba kalmar "ci" ta Hausa. Ana cin tuwo, ana cin jarrabawa, ana cin wasa, ana cin bashi, ana cin amana. Yaron da aka gaya wa cewa ci shi ne "eat" ya tsaya nan, wata rana zai rubuta wa kawunsa cewa ya yi "eat" ɗin jarrabawa, alhali Bature "pass" yake cewa a nan, a wajen wasa ya ce "win", a wajen amana ya ce "betray". Haka "sha" take. Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan taba, yana shan wahala, Bature kuwa "drink" yake yi wa ruwa, ya yi "take" ga magani, "smoke" ga taba, "suffer" ga wahala. Kalmar "ji" ta fi su duka rikici, domin da ita ake jin magana, da ita ake jin sanyi, da ita ake jin wari, da ita ake jin Hausa, a Turanci kuwa huɗu ne daban: "hear" da "feel" da "smell" da "understand". Yawancin kurakuran da masu duba takardun jarrabawa ke ja wa jan layi irin waɗannan ne, kuma ba sa warkewa sai an koyi kalma tare da abokan tafiyarta.

Kalma kuma tana da dangi. Mai jin Hausa ya san daga noma ake samun manomi, daga gini magini, daga ɗinki maɗinki, ba sai an koya masa kowace daban ba. Turanci ma yana da irin wannan, sai dai shi a ƙarshe yake liƙa nasa: "farm" ta ba da "farmer", "build" ta ba da "builder", "teach" ta ba da "teacher". Idan aka ga "un" a farkon kalma, galibi kishiyarta ake nufi, kamar "happy" da "unhappy". Idan aka ga "re", sau da yawa ana nufin sake yin abu, kamar "write" da "rewrite". Wanda ya kama "employ", watau ɗaukar mutum aiki, ya duba danginta, zai tafi da "employer" da "employee" da "employment" da "unemployment", ya sami biyar a kuɗin ɗaya. Malamin da ya ɗauki darasi biyu ko uku ya nuna wa yara wannan, yana kwatantawa da harshen da suka sani, ya ba su abin da ya fi jerin kalmomi ɗari.

JARIN DA KE HANNU

Ɗalibi mai jin Hausa ba da hannu wofi yake shiga ajin Turanci ba. Tun zuwan Turawa Hausa ta ari ɗaruruwan kalmomi ta gyara su daidai bakinta. Duk wanda ya tsaya a tashar motar Assakio zai ji direba da fasinja da makaniki da birki da taya da lamba, waɗanda asalinsu "driver" ne da "passenger" da "mechanic" da "brake" da "tyre" da "number". Ita kanta tasha daga "station" ta fito. A gida ga bokiti da tebur da kyandir, a gari ga asibiti da likita, har kwabo da sisi na mutanen da daga "copper" da "sixpence" aka samo su. Aji guda zai iya tara irin waɗannan fiye da ɗari cikin mako ɗaya, kowa ya kawo nasa, a nemo asalin kowace da yadda ake rubuta ta. Yaro ya ga ashe ya daɗe yana furta Turanci bai sani ba, tsoron harshen sai ya ragu.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na ɗaya, waɗansu kalmomin sun sauya ma'ana a hanya. Kanti a Hausa shago ne, amma "canteen" wurin cin abinci ne. Mota daga "motor" take, amma Bature "car" ko "lorry" yake kiran abin hawan. Na biyu, lafazi. Hausa ba ta bambanta sautin "p" da na "f", shi ya sa "pencil" ta zama fensir. A Turanci kuwa bambancin yana sauya ma'ana, domin "pull" ja ne, "full" cikakke, "pan" kasko ne, "fan" kuwa fanka. Saboda haka duk kalmar da za ta shiga gwangwani a tabbata an ji yadda ake furta ta daga bakin wanda ya iya.

KARATU DA SAURARO

Gwangwani yana gabatar da kalma ne kawai, sabo da ita sai an yi ta gamuwa a wurare dabam dabam, wajen sau goma ko fiye. Babu inda ake samun wannan gamuwa kamar littattafan labarai masu sauƙi. Akwai "Chike and the River" na Chinua Achebe, da "The Passport of Mallam Ilia" na Cyprian Ekwensi wanda labarinsa a Arewa ya faru, da "Eze Goes to School", da jerin littattafan Pacesetters waɗanda iyaye da yawa suka karanta a zamaninsu. Ma'aunin zaɓe shi ne ɗalibi ya buɗe shafi ɗaya ya ƙirga kalmomin da bai sani ba. In sun wuce biyar ko shida, littafin ya yi masa nauyi yanzu, ya nemi wanda ya fi sauƙi, babu kunya a ciki. Wata dabara kuma ita ce karanta labarin da aka riga aka sani. Littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, an fassara shi da Turanci a 1967. Wanda ya ajiye su biyun gefe da gefe, ya karanta babi a wannan ya koma wancan, zai kwashi kalmomi ba tare da ya ji nauyinsu ba.

Rediyo ma makaranta ce. Wanda ya saurari labaran duniya da Hausa da safe, daga gidan rediyon jiha ko sashen Hausa na BBC wanda ke watsa shirye-shirye tun 1957, sa'an nan ya kama labaran Turanci na wannan ranar, ya riga ya san abin da za a faɗa, abin da ya rage masa shi ne ya ji da waɗanne kalmomi aka faɗe shi. Ya ajiye takarda kusa, ya kama biyu ko uku.

Game da ƙamus, amfaninsa yana ga sanin lokacin buɗe shi. Mai karatun da ke tsayawa a kan kowace baƙuwar kalma ba zai kai ƙarshen labari ba. Gara ya ja mata layi da fensir, ya yi hasashen ma'anarta daga abin da ke kewaye da ita, in ya gama shafin ya duba ko ya dace. Mai fara koyo zai amfana da ƙamus mai harshe biyu, kamar Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner wanda ya fito a 1965, ko na Roxana Ma Newman na 1990. In ya kai babbar sakandare sai ya koma ga na masu koyo wanda ke bayani da Turanci mai sauƙi, kamar na A. S. Hornby wanda kamfanin Oxford ke bugawa tun 1948, domin shi yana nuna kalma a cikin jimla.

Daga ƙarshe sai aiki da abin da aka tara. Ɗan Assakio ya iya Hausa ne domin yana bukatarta wajen sayen ƙuli da cinikin doya, in ya yi kuskure kuwa a gyara masa a wuce. Ɗalibai uku ko huɗu za su iya yin alkawari tsakaninsu cewa a hanyar komawa gida da Turanci za su yi hira, suna kiran sunan duk abin da suka gani a gona da kasuwa, wanda ya gagare su a rubuta a tambayi malam gobe. Kowa kuma ya rubuta jimla biyar kafin ya kwanta a kan abin da ya faru da shi a ranar, ya sa sababbin kalmominsa a ciki.

NAUYIN DA KE KAN MANYA

Malamai su ne na farko. Minti biyar na farkon darasi a ba bitar kalmomin jiya da na makon jiya. Malamin aikin gona da na kimiyya da na lissafi kowa ya ɗauki koyar da kalmomin fanninsa a matsayin aikinsa, kada ya bar wa malamin Turanci shi kaɗai. In kalma ta cije, a faɗi ma'anarta da Hausa ko Alago a wuce, wannan ba gazawa ba ce. Al'adar nan ta cin tarar yaro ko dukansa don ya yi harshen gida a makaranta, da barin 'yan aji su yi wa mai kuskure dariya, ba ta taɓa koya wa kowa kalma ɗaya ba, iyakarta ta rufe bakin yaro. Harshen gida shi ne ƙugiyar da ake rataya sabuwar kalma a jiki, wanda ya karya ta kuwa ya rasa inda zai rataya.

Iyaye kada su ce ai su ba su yi boko ba. Uwar da ba ta san ko harafi ɗaya ba tana iya tambayar 'yarta kowane dare kalma nawa ta shiga gwangwani yau, ta sa ta faɗa mata ma'anarsu, ta kuma ɗauke mata aikin gida na rabin sa'a, ta bar mata fitila. Uban da ya sayar da ƙwaryar doya a kasuwa, in ya ware kaɗan daga kuɗin ya sayo littafin labari ɗaya ko biyu, ya yi shukar da fari ba ya kashewa. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai, waɗanda ke kashe kuɗi a bukukuwan ƙarshen shekara, za su iya ajiye akwatin littattafan labarai a kowane aji, a riƙa ba yara aro mako mako. Hukumomin ilimi na Jiha da na ƙaramar hukuma kuwa, in sun gina aji sun yi masa fenti, su tuna cewa aikin bai cika ba sai akwai abin karantawa a cikinsa.

Shi kansa Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka ambata ɗan ƙauye ne, ba a gidan da ake jin Turanci aka haife shi ba. A makaranta ya koye shi, har Kwalejin Katsina inda ya gama a 1933, kuma shi ne ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi jawabi da sunan Nijeriya, bai kuma yar da Hausarsa ba. Abin da ya yiwu gare shi bai haramta ga 'ya'yan manoman Assakio ba, ko na Doma, ko na Gumel, ko na Illela.

Manomin doya ya san ba a dasa ta a makon da za a haƙa. Ɗalibin da ke jira sai saura wata guda a shiga jarrabawa sa'an nan ya ɗauki ƙamus ya kwana a kai, ya manta da abin da magabata suka faɗa, cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke aji ɗaya yau shi ne ya fi kowa sa'a, in ya nemi kwalinsa da gwangwanayensa uku ya fara da kalma biyar a daren nan. Wanda ya yi nisa kuma kada ya yanke ƙauna, ya fara da kalmomin da ake yin tambaya da su, sa'an nan ya bi da sauran.

Allah ya ba yara basira, ya ba malamai haƙuri, ya sa iyaye su ci moriyar wahalarsu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.